Babur, rumbu da kwamfuta: me ke kashe kayan da ƴan ci-rani ke aikowa gida?

A ƙauyukan da ke bakin hanyar Maraɗi zuwa Tasawa, ba sai an tambaya ba ake gane gidan da ke da ɗa a waje. A kan rufin ɗakin maigida akwai farantin sola, waya ta sauko ta taga. A zaure babur na jingine da bango, an lulluɓe shi da tsohon buhu. A bayan gida, kusa da rumbu, amalanke ta kafa hannuwanta a ƙasa, shanun da ke janta suna cin harawa. A ɗakin samari kuwa, cikin akwatin ƙarfe ko ƙarƙashin katifa, wani lokaci akan tarar da kwamfutar tafi-da-gidanka.

Mafi yawan waɗannan kaya gumin wani ne da ke Abijan, Legas, Kumasi, Tamanrasat ko Libiya, ko kuma ma'aikaci a Yamai da ke ragewa cikin albashinsa. An biya su ne da dako, aikin gini, gadi da tallar shayi, aka turo kuɗin kaɗan-kaɗan ta Nita, Al Izza ko Amana. Amma a gidaje da yawa, shekara biyu ba ta cika sai saƙon murya ya iso ta WhatsApp, bayan doguwar gaisuwa: "Yaya, abin nan fa ya tsaya."

Daga nan sai zargi. Na waje yana ganin an yi sakaci da wahalarsa, na gida suna ganin an aiko musu da kaya marar ƙwari. Wanda ya duba yadda kayan ke zama a gidan ƙauye zai ga cewa abu uku ne ke cinye su: ƙura da zafi, rashin wurin ajiya da ya dace, da rashin mutum guda da aka ɗora wa alhakin kula da su.

Babur ɗaya, direba goma

A karkarar Maraɗi, Damagaram da Tawa, babur ya karɓe aikin da doki da jaki suka daɗe suna yi. Shi ke kai mara lafiya asibiti cikin dare, shi ke kai abinci gona mai nisa, shi ke ɗaukar akuya zuwa kasuwar mako. A ranakun kasuwa yakan koma kabu-kabu ya samo kuɗin cefane. Shi ya sa yake cikin abubuwan farko da ɗan ci-rani ke saya wa gida, ko ɗan biɗa kamar yadda ake cewa a Adar.

Matsalar tana farawa daga makulli. A gidan gandu, inda maigida da ƙannensa da ƴaƴansu ke cin tukunya ɗaya, babur na kowa ne. Ƙane ya ɗauka da safe, ɗan wa ya ɗauka da yamma, maƙwabci ya ara ya kai matarsa awo. Kowa yana zuba man da zai kai shi ya dawo da shi. Baƙin mai kuwa babu mai tunawa da shi. Ƙananan babura na kamfanonin Sin da Indiya da suka cika ƙauyuka suna son a yi musu juye bayan tafiyar kilomita dubu ɗaya zuwa dubu biyu, kuma a hanyar rairayi ya fi kyau a yi da wuri. Idan man ya tsinke ya yi baƙi ƙirin, injin yana cin kansa ne a hankali, har ranar da zai kama.

Na biyu shi ne matatar iska, wannan soso da ke hana ƙura shiga inji. A lokacin hunturu takan toshe cikin ƴan makwanni. Wasu samari idan babur ya fara shaƙewa sai su cire ta gaba ɗaya, su ji ya ƙara gudu. Ƙurar da ke shiga daga nan tana goge fistan kamar an sa masa yashi.

Sai kuma man fetur kansa. Shekaru da yawa ƙauyukan kan iyaka sun dogara da ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da man Najeriya a kwalba, domin ya fi na gidan mai araha. Lissafin ya juya bayan da shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage farashin lita daga sefa 540 zuwa 499, amma a Maris na 2025 aka shiga ƙarancin mai da ya jawo dogayen layuka a birane. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, an gina ta ne don tace ganga dubu 20 a rana. Duk da haka ɗan ƙauyen da gidan mai ya yi wa nisa har yanzu a kwalba yake saye, kuma man da ya bi ta jarka da mazurari da kwalba yakan zo da datti ko ruwa. Ƙarshensa kabireta ce ke toshewa, a tura babur da ƙafa zuwa wurin bakanike ranar kasuwa.

Motar da ta zama akurki

Wanda ya ƙara samu yakan wuce babur ya sayi mota: tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, ko Toyota Hilux da ta sha hannu. Niyyar mai kyau ce, motar ta yi jigilar kasuwanni ta ciyar da gida. Sai dai mota ba ta yafe abin da babur ke yafewa. Tana son takardu da inshora, tana son taya huɗu lafiyayyu, tana son direban da ya san zafin inji. Idan wani ƙarfe ya karye, sai an je Maraɗi, Damagaram ko Ƙwanni, wani lokaci har Kano. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da a da ke biyowa ta Kwatano sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada.

Idan kuɗin gyara bai zo da wuri ba, motar takan zauna. A cire batirin a kai ɗaki don kunna fitila, a ara wa wani taya ɗaya, a ɗora ta kan duwatsu. Bayan damina biyu kaji sun fara ƙwai a kujerar direba, ɓeraye sun cinye wayoyin ciki. Irin wannan mota ba baƙuwa ba ce a ƙauyukan da ke kan babbar hanyar Yamai zuwa Diffa.

Amalanke kuwa tana nan tana aiki. Ita ke kai taki gona kafin shuka, ita ke kwaso damman gero da kaka, ita ke ɗauko jarkokin ruwa daga famfo, kuma idan koramu suka cika da damina har babur ya kasa wucewa, ita ke kai mai naƙuda asibiti. Sirrinta shi ne duk abin da ya lalace a jikinta akwai mai gyara shi a kusa: mai faci ya liƙe taya, mai walda ya haɗa ƙarfe, kafinta ya sauya katako. Abincin shanun ko jakin ma daga gona yake fitowa. A yankunan Madarunfa da Gidan Runji, inda ɓarayin shanu suka addabi jama'a, barazanar da ke kanta ita ce a wayi gari babu dabbar da za ta ja ta, abin da ya sa wasu ke shigar da shanun cikin gida da dare.

Rumbu, mangaza da rumfa

Gidan ƙauye ba ɗakunan kwana kaɗai ba ne. Akwai zaure, akwai madafa, akwai turken awaki, akwai akurki, akwai rumbu. Magabata sun san abin da suke yi da suka ɗora rumbu kan duwatsu: iska na wucewa ta ƙasa, danshi ba ya tasowa, kuma ana ganin hanyar gara tun kafin ta kai ga hatsi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka akan yaɓe inda ya tsage, a sake masa jinka. Ga kowane abu akwai wurinsa.

Sabbin kayan da suka shigo gida ba a yi musu wuri ba. Babur yana kwana a zaure ko a tsakar gida cikin raɓa da rana. Jarkar fetur tana ɓoye bayan ƙofa, ko a inuwar rumbun kara, kusa da inda ake hura wuta. A watannin bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma iska ke kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa ya haɗa abincin shekara da babur ya cinye. Batirin sola kuma sau da yawa yana ɗakin kwana, kusa da katifa, alhali batiri mai ruwan asid yana fitar da iskar da ke iya kama wuta idan yana caji, kuma yana son wurin da iska ke shiga.

Wasu gidaje sun gina mangaza, ɗakin ajiya na bulo da rufin kwano, suna zuba komai a ciki: buhunan wake, takin zamani, maganin ƙwari, injin ban-ruwa, batiri, har da kwamfuta. Ɗakin kwano marar taga da tsakar rana tanda ne. Zafi yana rage wa batiri kwana, hatsi yana jawo ɓeraye, ɓeraye kuma ba sa bambanta buhu da wayar caja.

Daminar 2024 ta nuna raunin waɗannan gine-gine. Ambaliyar wannan shekarar ta kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram tsohon masallacin ƙasa na Birni ya rushe a farkon Satumba, aka kuma ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba. Idan ɗakin ƙasa ya zauna, ba rufi kaɗai ake rasawa ba. Duk abin da aka ajiye a ƙasa yana tafiya: hatsi, takardun haihuwa, takardun gona, batiri da na'urori.

Akwai darasi a cikin buhun ajiyar wake mai rufi uku, wanda aka sani da PICS. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka samar da shi tare da abokan aikinsu na Afirka, ciki har da na cibiyar INRAN a Maraɗi. Leda biyu ne a cikin buhu ɗaya, ana ɗaure kowanne dabam, sai ƙwarin su rasa iska su mutu ba tare da an zuba magani ba. Ya karɓu a ƙauyuka saboda ba ya son wuta, ba ya son bakanike, kuma kowa na iya koyon ɗaure shi a zama ɗaya. Kayan da ke daɗewa a karkara galibi irin wannan ne.

Kwamfuta a gidan da babu wuta

Kwamfuta ta shigo ƙauye ta hannun mutane kaɗan: ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko ta André Salifou a Damagaram, ko ta Djibo Hamani a Tawa, da ya zo hutu da aikin kammala karatunsa, malamin makaranta mai rubuta jarrabawa, sakataren ƙungiyar manoma, da saurayin da ke tura wa mutane fina-finai, waƙoƙi da wa'azi a katin waya don ya samu na kashewa. Kusan dukkansu tsohuwa suke saya, wadda ta riga ta yi shekaru a wani ofis na Turai ko Amurka.

Matsalarta ta farko wuta ce. A ƙididdigar Bankin Duniya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a karkara kuwa ko ɗaya cikin goma bai cika ba. Ko garuruwan da layin NIGELEC ya kai sun ɗanɗana duhu lokacin da Najeriya, wadda ke ba ƙasar kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta a wancan lokaci, ta yanke layi a Agustan 2023, ba a maido ba sai a Maris na 2024. Tashoshin sola na Malbaza da Gorou Banda sun ƙara wa layin ƙasa ƙarfi, amma ƙauyen da babu turke ko ɗaya sai dai ya dogara da farantinsa.

A nan ake yawan yin kuskure. Batirin sola na gida bolt 12 yake bayarwa, yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka kuma kusan bolt 19 suke so. Don haka sai an sa na'urar da ke mai da wutar batiri ta koma 220, sannan caja ta sake sauko da ita. Na'urori masu araha ba sa ba da wuta mai tsabta, caja takan yi zafi, wata rana ta ƙone. Daga nan a sayi cajar kasuwa wadda bakinta ya shiga amma ƙarfinta bai dace ba. Araha ba ta ado: wani lokaci allon cikin kwamfutar ne ke biyan bashin.

Batirin ma yana da nasa ciwon. Gidaje da yawa suna haɗa faranti da batiri kai tsaye, babu ƴar na'urar da ke daidaita caji. Da rana batiri ya sha wuta fiye da kima, da dare a tatse shi da fitilu da cajin wayoyin unguwa har ya mutu murus. Batirin dalma ba ya son a sauke shi ƙasa da rabi, batirin mota kuwa tun asali ba a yi shi don wannan aiki ba. Farantin da ke kan rufi ma idan ƙura ta rufe shi wutarsa raguwa take yi, kuma a gidaje da yawa ba a hawa a goge shi sai ruwan sama ya wanke.

Ƙurar da ke rufe faranti ita ce ke shiga fankar kwamfuta. Idan aka ƙara da ɗora ta kan katifa ko tabarma, hanyar iska ta toshe, sai ta riƙa mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki. Mutane su ce ta tsufa, alhali buɗewa da hurewa kawai take so.

Akwai kuma ƙwayar cutar da ke yawo a makullin USB da katin waya. Ɗalibi ya kai makullinsa shagon buga takardu a gari, ya dawo ya ga fayilolinsa duk sun koma ƴan alamomi masu kibiya. Cikin firgici wani ya ba shi shawarar ya goge komai. A irin wannan cuta sau da yawa fayilolin suna nan, ɓoye su kawai aka yi, kuma mai gyara zai iya fito da su. Gogewar ce ke sa a yi asarar aikin wata shida.

Tsofaffin kwamfutoci suna da wata damuwar. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen kulawa da Windows 10, alhali da yawa cikin na hannu ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba. Allon rubutu ma yakan rikita mutane: wadda ta zo daga Faransa tsarin AZERTY gare ta, wadda aka sayo a Kano QWERTY, kuma babu ɗaya da ke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sai an saka musu tsari na musamman. Sai kalmar sirri: yaya ya aiko da kwamfuta daga Aljeriya a kulle, shi kuma yana wurin aikin da ba a samunsa a waya sai bayan mako biyu.

Intanet kuwa sai an nemi inda rezo yake. Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms suna da ƙarfi a birane da bakin manyan hanyoyi, amma a ƙauyuka da dama kowa ya san tudun ko bishiyar da ake zuwa don saƙo ya fita. Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar a Maris na 2025, sai dai kuɗin kayansa, kuɗin wata da wutar da yake ci sun fi ƙarfin yawancin gidajen karkara.

Lissafin da ba a cika yi ba

Gidajen da kayansu ke daɗewa ba lallai su fi sauran kuɗi ba. Abin da suka yi dabam ƙalilan ne. Makullin babur yana hannun mutum ɗaya, kuma duk wanda ya ara ya san zai ajiye wani abu a asusun juye. An kafa wa babur da amalanke rumfa nesa da madafa, fetur kuma ba ya kwana kusa da rumbu. Batiri yana kan katako a wurin da iska ke shiga, da na'urar daidaita caji a tsakaninsa da faranti, kuma akwai yaron da aikinsa ne goge farantin da sassafe kafin ya yi zafi. Kwamfuta tana aiki a kan tebur ko faifai, idan an gama a sa ta a jaka. Muhimman takardu an ɗauki hotonsu an tura wa ɗan'uwa a birni.

Ga mai aikowa daga waje, tambayoyin da suka fi amfani ana yin su ne kafin a tura kuɗi. Wa zai riƙe? Ina za a ajiye? Wane bakanike ne mafi kusa, kuma ya san irin wannan inji? Ana samun kayan gyaransa a kasuwar da gidan ke ci? Wanda ya sayi babur da duk abin da ya tara, bai bar komai na baƙin mai da taya ba, ya aika wa gida da ɗawainiya ne tare da kyautar. Ya fi a sayi ƙaramin abu a bar ragowar kuɗin a hannun amintacce don gyara.

Maganar tana da nauyi a baki, domin ƙane ba ya son ya ce wa Baba ga yadda za a yi da kaya a gidansa, kuma wanda ke nesa yana tsoron a ce yana gori. Amma Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yawancin iyaye sun fi son a faɗa musu tun farko cewa wane ne zai riƙe makulli, da a zo ana rigima tsakanin ƴaƴansu bayan inji ya kama.

Da an gama kaka, samari za su sake ɗaukar jaka su nufi tasha, wasu Agadas, wasu kudu. Kafin motar ta tashi akwai aikin yini ɗaya da ke jiran su a gida: itace huɗu da zana don rumfar babur, kwaɓin ƙasa don tsagar rumbu, da tsumma mai laushi da za a miƙa wa ƙane a nuna masa yadda ake hawa rufi.